Mariƙin Baba a Cikin A-kori-kura

Zuwa ga ƙanina Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na garejin madatsar ruwa. Direban da ke kai muku kayan abinci ya ce har yanzu babu sabis a wajenku sai an hau tudu, shi ya sa na koma biro da takarda kamar 'yar makaranta. Mu nan lafiya lau. Lambu yana tafiya, dashen lemo ya karɓu bana, masu saye har layi suke yi.

Jikin Baba da sauƙi. Bakinsa ya miƙe, magana ta dawo, har faɗa ya dawo, ka san kuwa an samu lafiya. Hannun hagu da ƙafar hagu ne har yanzu ba sa jin magana. Likita ta ce a riƙa kai shi gashin ƙashi asibiti ba fashi, in ana so ƙafar ta tashi.

To nan matsalar take. Ka san ba ni da wata mota sai a-kori-kurar da nake kai dashe da ita, ga ta da tsawo kamar raƙumi. Leburorin lambu biyu ne ke ɗaga shi su ɗora a kujerar gaba. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a bayan sitiyarin bas, wanda yake hawa mota da tsalle ɗaya, yau shi ake ciccibawa. Runtse ido yake yi har sai an ajiye shi. Rannan ɗayansu ya ce wa ɗan'uwansa, ba da wata manufa ba, "Kama can, na kama nan," irin yadda suke faɗa wa buhun taki. Har muka je muka dawo Baba taga kawai yake kallo.

Akwai ɗan mariƙin roba a saman ƙofa, amma ya yi masa nisa. Mai waldan bakin titinmu ya ce zai lanƙwasa ƙarfe mai kauri, ya kafa shi a ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba, ya ja shi sama har kan ƙofa, yadda Baba zai kama da hannun dama ya ja jikinsa. Na kuma sa an ɗinka wa kujerarsa riga mai soso saboda bayansa. Kai ne bakanike, ka gaya mini irin sukurun da ya kamata a yi aikin da shi.

Ko da yake kakarka da kakana ne ciki ɗaya, Baba bai taɓa sa ka cikin na nesa ba, a gidan nan ka gama sakandare. Ba ni da ɗan'uwa namiji, Dogo, da kai nake jingina. In da hali ka leƙo mu ko da sau ɗaya ne.

Yayarka mai lambu

*

Yaya,

Direba ya riga ya tada mota, a kan bonet nake rubutu. Ina lafiya, na gode wa Allah da sauƙin Kawu. Maganar nan ki bar ta. Ba wurin jingina ba ne, wanda ya dogara da shi shi zai ji ciwo a ƙarshe. Ki haƙura Kawu ya ci gaba yadda yake tukuna. Zan rubuto.

Dogo

*

Dogo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, Baba ma haka.

'Yar takardarka ta zo bayan an daɗe, direban ya ce a aljihun motarsa ta kwana ta tashi har ya manta. Na karanta, na sake karantawa. Na ce da kai nake jingina, ka ce ba wurin jingina ba ne. Na ji, na kuma gode da ka fito fili. Ban roƙe ka ka bar aikinka ba, sukuru na tambaya. Amma ka ce in haƙura Baba ya ci gaba yadda yake, wannan kam mai nisa ne kawai zai iya faɗa. Ba kai kake tsayawa kana kallon fuskarsa ba.

Ko ma dai mene ne, aikin gama ya gama. Da na ji ka shiru na ce wa mai walda ya yi. Ya huda robar ginshiƙin, ya ɗaure ƙarfen gam, ya shafa masa baƙin fenti, har ya naɗa masa igiya don kada ya yi santsi.

Bari in gaya maka abin da ka rasa. Ranar farko leburorin suka matso kamar kullum, Baba ya ce, "Ku tsaya can." Ya ɗora ƙafar dama a bakin ƙofa, ya kama ƙarfen, ya ja. Bai hau ba. Ya huta ya sake ja, jijiyar wuyansa duk ta fito, na ɗan tallafi ƙafar hagun kawai, sai ga shi a kujera. Ya zauna yana haki, ya gyara hularsa, ya dube ni ya ce, "To direba, me ake jira?" A hanya ya yi ta gyara mini tuƙi, wai ina cin kulochi. Rabon da ya zage ni a kan kulochi tun kafin ciwon nan. Sai da na tsaya a gefen titi na share ido, na ce masa ƙura ce.

Yanzu tun kafin in shirya yake sa a kai shi bakin mota. Ba sai ka damu da ba da amsa ba.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Kawu da jiki. Ni lafiya ƙalau, sai ruwan sama da ya cinye hanyarmu, shi ya sa motar kaya ba ta shigowa a kan kari.

Wasiƙarki ta hana ni sukuni. Yaya, ginshiƙin mota nake nufi, ba kaina ba. Gaggawa ce ta sa na yi maganar a dunƙule. Ni da na ci tuwon hannunki ina ɗan makaranta, ina ni ina gaya miki baƙar magana? Ki jingina da ni har in karye. Amma ki saurari bayanin nan da kyau.

Ki je motar da rana, ki duba robar ginshiƙin da aka huda, kusa da sama. Za ki ga wasu ƙananan haruffa an tamfatsa a jiki, SRS. Ki duba gefen kujerar Kawu ta wajen ƙofa, ƙarƙashin rigar da kika sa, za ki iya ganin ɗan ƙyalle mai irin rubutun. Duk inda kika ga haka, akwai jakar iska a ɓoye. Ba ta sitiyari da ta gaban fasinja ne kaɗai ba. Akwai wata doguwa a naɗe a cikin rufi, daga ginshiƙin gaba har baya, in an bugi mota ta gefe ko ta kife sai ta sauko kamar labule ta tare kan mutum daga gilashi. Wata kuma tana cikin kujera, tana yaga ɗinki ta fito ta tare haƙarƙari.

Jakar nan ba a hankali take fitowa ba, kafin ƙiftawar ido ta gama, da ƙarfin da take ɓalle robar ta wuce. In ta tarar da ƙarfe a hanyarta, ko dai ya tare ta ta kasa sauka, ko ta fizge shi ta wurga cikin mota, kuma kan Kawu ne mafi kusa. Motocin da suka zo da mariƙi a wurin tun daga kamfani, an auna an bar wa jakar hanya. Na mai walda ba a auna da komai ba. Ba laifinsa ba ne, abin a ɓoye yake. Akwai kuma tsoron sukurun ya taɓa jakar ko wayarta.

Ba labari nake ba ki ba. Bara wani direbanmu ya kafa mazaunin oba-oba, na'urar da direbobi ke magana da juna, a daidai irin wurin nan. Tipa ta goge shi a kwana, bugun ma bai kai ya kawo ba, amma ƙarfen mazaunin ya tsaga masa kunci har kusa da ido. Ni na jawo motar zuwa gareji.

Na san abin da nake roƙo. Na karanta inda kika ce ya gyara hularsa, na ajiye takardar na fita waje. Amma a cire ƙarfen nan, a cire rigar kujerar, soson a sa shi a bayansa kawai ba tare da ya rufe gefe ba. Kada mai walda ya kwance shi kaɗai. Ki samu mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, wanda ya san jakar iska, ya cire kan batir ya jira tukuna, kada kowa ya taɓa wayoyi masu ruwan ɗorawa. In kina da mazaunin waya, ki mayar da shi tsakiya, can ƙasa kusa da giya. Ki lura kuma da 'yar fitilar dashbod mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa, in ta ƙi mutuwa bayan an tada mota akwai matsala.

Ina neman wata dabarar hawa. Ki ba ni lokaci.

Ƙaninki Dogo

*

Yaya,

Gaisuwa. Motar kaya ta zo ta koma, ta sake zuwa, babu takardarki. Direban ya ce ya ga a-kori-kurar a ƙofar lambu, bai lura ko ƙarfen na nan ba. In fushi ne ki yi da ni, na cancanta. Ki dai gaya mini Kawu lafiya.

Dogo

*

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ka kwantar da hankalinka. Ba fushi ba ne. Kunya ce ta fara riƙe hannuna, don na ɗora maka abin da ba ka faɗa ba, daga baya kuma na rasa me zan rubuta.

Na je na duba. Haruffan suna nan, rabinsu ma ƙarfen ya danne. Na ɗage rigar kujera, ga ɗan ƙyallen. Fitilar tana mutuwa dai, wannan kaɗai ya ɗan ba ni numfashi. Rigar a ranar na cire ta. Ƙarfen ne na kasa. Na ci gaba da kai shi asibiti a haka, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, duk mahaɗar da muka zo sai in tsaya in duba hagu da dama. Baba ya ce, "Ke yau tuƙin amarya kike yi?" Daga ƙarshe na karanta masa wasiƙarka a tsakar gida.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Balan-balan. Na yi tuƙi tun ba a haifi uwar Dogo ba, ban taɓa ganin balan-balan ta ceci kowa ba. Direba ke ceton mota."

Na ce, "Baba, a lokacinku babu ita. Yanzu tana nan, ko mun so ko mun ƙi za ta fashe."

Ya ce, "To a cire ita, a bar mini ƙarfena."

Na ce ba zan cire abin da aka sa don kare kansa ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu a kan cinya, sannan ya ce, "Hatsarin nan da kuke tsoro, wataƙila ya zo wataƙila kada ya zo. Ciccibar nan kuwa kullum tana zuwa. Ke da Dogo ba a taɓa ɗaukar ku ba tun da kuka yi wayo. In aka cire, na gama zuwa asibiti."

Ka san shi, in ya kafe ko jaki albarka. Ni kuma na ce ba zan ƙara sa shi a gefen ƙarfen ba. Yanzu muna zaune, ba ya cewa a tafi, ba na cewa a tafi. Gashi ya wuce mu har sau nawa, ƙafar ta fara sanƙarewa, da safe ina jin yana nishi in zai juya. Na nemi tasi mai ƙasa-ƙasa, ya ce shi da yake da mota a gida ba zai shiga haya ba.

Gaskiya, Dogo, wani lokacin ina ganin shi ke da gaskiya. Ran nasa ne. Wa ya ba ni ikon auna masa wanne ya fi ciwo? Sai kuma in tuna kuncin direbanku. In kana da dabara, yanzu ne lokacinta.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Ga ƙunshi nan tare da takardar. Mariƙin hannu ne a ciki, na sa an sayo mini shi daga shagon kayan asibiti, na gwada shi a motocinmu, na rataya nauyina duka a kai bai motsa ba. Ki buɗe ƙofar Kawu ki duba jikin mota ta baya, inda ƙofa ke kamawa, akwai ƙarfe mai kamar ƙugiya. A nan ake zura bakin mariƙin. Ƙugiyar nan ita ke riƙe ƙofa ko a hatsari, ta fi nauyin mutum ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai ki sa kafinta ya yi ɗan akwatin taka mai faɗi, ba mai tsawo ba, a manna masa roba a ƙasa. Ɗayar takardar ta Kawu ce, ki karanta masa yadda take.

Kawu, barka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ɗanku Dogo ne. Ba zan yi musu da ku a kan tuƙi ba, ku kuka fara ɗora hannuna a kan sifana. Ban ce a koma ciccibar ku ba, wallahi ko ni ba zan so ba. Wannan mariƙin a hannunku zai zauna. Ku za ku sa, ku za ku cire, ƙofa ma ba ta rufuwa sai an zare shi. Ku taka akwatin, ku juya wa kujera baya, ku danna mariƙin da hannun dama, ku zauna, sannan a shigar da ƙafafu. Abu ɗaya nake so ku sani game da wancan ƙarfen. In jakar ta fizge shi, ba wanda zai iya cewa ga inda zai nufa a cikin motar. Na bar muku hukunci. Da zarar hanya ta bushe zan nemi hutu in zo in gaishe ku.

Dogo

*

Zuwa ga ƙanina Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka lafiya. Mu nan alhamdulillahi, an koma gashi, ƙafar ta fara sakewa.

Da na karanta masa takardarka bai ko dubi mariƙin ba. Na ajiye shi a kan tabarma kusa da shi na koma wajen dashe. Can da yamma ya aiko a kira ni. Ya ce, "Sake karanta mini wajen da ya ce ba a san inda zai nufa ba." Na karanta. Ya ce, "Mu nawa ne a gaban motar?" Na ce mu biyu. Sai ya ce, "Ni duk a zatona kaina kaɗai nake caca da shi. Tun da nake ban taɓa ɗaukar kayan da zai faɗo wa direba ba. Kira mai waldan."

An yi yadda ka ce. Mai wayarin ya cire batir, suka zauna shan shayi, sannan suka kwance. Baba ya sa an fito masa da kujera yana kallo, yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Da aka ɓalle robar muka ga jakar a naɗe, fara, siririya kamar rawani. Sukuru ɗaya ya bi ta gefen igiyar da ke riƙe ta har ya ɗan ci bakinta. Mai wayarin ya ce ba a ɗinke irin wannan, sai an sauya, an kuma sauya. Mai walda ya tsaya riƙe da haɓa, ya ce ya yi wa motoci biyu irin aikin nan, zai neme su. Ƙarfen kuwa bai tafi a banza ba, Baba ya sa an kafa masa shi a bangon banɗaki.

Sabuwar hawan ba ta zo da sauƙi ba. Ya saba ja, yanzu dannawa ce, kuma juya wa kujera baya yana ba shi tsoro ko da yake ba zai faɗa ba. Ranar farko ya kasa, ya jefar da mariƙin cikin kwandon dashe ya ce kayan wasan yara ne. Washegari na hango shi ta taga ya sa an buɗe masa motar a inuwa, ya kori kowa, yana gwadawa shi kaɗai. Ban fita ba. Yanzu yana hawa, a hankali, da tsaki, amma yana hawa. In ya zauna sai ya zare mariƙin ya sa a aljihun gaba, kansa a waje kamar biron babban ma'aikaci.

Ga saƙonsa. A filin ajiye motoci na asibiti akwai wani tsoho da 'ya'yansa ke fito da shi daga mota kamar yadda ake yi wa Baba a da. Baba ya daɗe yana kallonsu. Jiya ya ce in tura shi a keken marasa lafiya zuwa wajensu, ya zaro mariƙin ya zura a ƙofarsu, ya kori 'ya'yan gefe, ya yi ta koya wa mutumin har muka kusa rasa layinmu. Tsohon bai iya ba tukuna, amma ya ɗaga jikinsa daga kujera da kansa, ya koma ya zauna yana dariya.

Saboda haka Baba ya ce in za ka zo ka taho da mariƙi guda biyu, ɗaya na tsohon. Na tambaye shi na biyun na wa, ya ce bai gan shi ba tukuna, amma asibitin da girma.

Na share maka ɗakinka na da. Ka gaida abokan aiki.

Yayarka mai lambu